Hoton Burgu a Bayan Dorina

An yi wani Burgu a bakin kogi, mai rumbuna bakwai da girman kai da ya fi rumbunan. Abu ɗaya ke cin ransa: duk arzikinsa, baƙo in ya gan shi sai ya ce, "Ina maigidan?"

Sai ya kira Hawainiya, gwanar zane, mai aiki a sannu da shuni da jar ƙasa da gawayi. Ya ce ta zana shi a faffaɗan katako.

Kwana arba'in yana zaune a gabanta. Yakan lumshe ido, ya ga kansa yana tafe bisa gajimare, tsuntsaye na yi masa fifita.

"Malama, wannan wuyan ya yi gajere. Ja shi!"

"Ranka ya daɗe, wuyanka ke nan."

"Wa ya tambaye ki nawa? Ki sa mini gezar zaki, da alkyabba mai ruwan zinariya. Wutsiyar nan kuma ki ɓoye ta."

"To me zai rage naka?"

"Rumbunan! Ki jera su a bayana."

Hawainiya ta juya ido ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ta yi yadda ya ce. Hoto ya yi kyau ƙwarai. Burgu ya rataye shi a zaure, kullum sai ya tsaya gabansa har ya manta da cin abinci.

Da damina ta yi nisa, wata safiya kogi ya cika ya shigo gari. Ruwa ya kwashe Burgu, da ƙyar ya maƙale a reshen wata giginya da ta faɗi. Iyalinsa suka roƙi wata Dorina, baƙuwa mai wucewa, ta nemo shi. Da yake ba ta san shi ba, suka ɗora mata hoton a baya.

Hazo ya rufe kogin, komai ya yi fari. Can Burgu ya hango alkyabbar zinariya tana tahowa bisa ruwa, kamar a mafarkinsa. Daɗi ya kama shi har ya yi hawaye.

"Baiwar Allah, ga ni nan! Ni ne!"

Dorina ta waiwaya ta dubi hoton, ta dubi jiƙaƙƙen abin da ke rawar sanyi.

"Kai wa?"

"Mai hoton mana! Mai rumbuna!"

"Haba, bawan Allah, ka ji tsoron Allah. Ina gezarka? Ina wuyan? Babban mutum aka aiko ni nema, kuma sauri nake yi."

"Wallahi ni ne! Dubi idona!"

Amma ko idon, shi da bakinsa ya sa aka canza. Dorina ta yi gaba, hoton ya yi ta ƙanƙancewa cikin hazo har ya ɓace. Burgu ya ƙara ƙanƙame reshe, ruwa na ta hawa.

Darasin wannan labari shi ne, kada ka yi wa kanka ado har ka ɓace a cikinsa. Ranar da ka shiga wahala, da fuskarka ta gaskiya za a neme ka.