Hoton Ƙirjin Inuwa

Akwai wani bawan Allah a Gyaɗi-Gyaɗi mai suna Inuwa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki a wata masana'antar niƙa dutse da ke Tarauni, inda ake yin garin da ake zubawa a fenti da tayil. Shi ke tsaye a bakin inji tun safe. Idan ya dawo gida, matarsa Kubura sai ta kakkaɓe masa riga a soro, don hatta gashin girarsa fari yake zama.

Mai masana'antar, Alhaji Abdulmalik, mutum ne mai son a gan shi a sahun gaba. Amma sau uku ma'aikata suna roƙonsa takunkumin rufe hanci, yana ce musu, "Ƙura ce fa, ba wuta ba. Ku ɗaura hankici."

Tari ya fara kama Inuwa. Tun yana shan maganin kemis har ya kai ba ya iya tafiya masallacin unguwa sai ya tsaya sau biyu a hanya. A asibiti aka ce ƙurar dutse ce ta cinye masa huhu, kuma ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa.

Da ya kai wa Alhaji takardar asibitin, ko karɓa bai yi ba. A makon aka sallame shi.

Wata lauya 'yar unguwarsu, Barista Hafsah, ta kai maganar kotun ma'aikata tana neman a biya shi diyya. A nan Inuwa ya ga abin da bai taɓa zato ba. Lauyan Alhaji ya kawo rahoto daga ƙaramin asibitin kuɗin da masana'antar ke tura ma'aikatanta gwaji duk shekara. Rahoton ya ce Inuwa ya zo aiki da tsohon ciwon ƙirji, kuma mashayin taba ne.

Alhaji da kansa ya tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da idona na sha ganinsa a bayan katanga yana busa hayaƙi. Kuma ba taba kaɗai ba."

Inuwa, wanda ko ashana ba ya yawo da ita, ya sunkuyar da kai. Maganar ta riga shi isa unguwa. Washegari a gidan suna wata mata ta ce wa Kubura, "Ashe Malam shi ya jawo wa kansa?" Kubura ta dawo gida ko abincin sunan ba ta taɓa ba.

"Ciwon ban damu da shi ba kamar wannan," in ji Inuwa. "Yarana za su tashi ana ce musu 'ya'yan ɗan wiwi."

Ana saura mako uku a yanke hukunci, wata ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin kuɗin nan, Sista Saratu, ta samu aikin kwashe tsofaffin fayil-fayil tana shigar da su kwamfuta. A ƙasan wani kwali ta ci karo da ambulan mai sunan masana'antar.

A ciki akwai hoton ƙirjin Inuwa na ranar da aka ɗauke shi aiki: huhu tas, babu tabo. Akwai wani hoton na shekara uku da suka wuce, inda ciwon ya fara bayyana. Tare da shi akwai wasiƙar tsohon likitan asibitin, wanda ya bar aiki, yana gargaɗin a janye mutum biyar daga wurin ƙura nan take. Sunan Inuwa ne na farko. A ƙasan wasiƙar ga sa hannun Alhaji Abdulmalik, shaidar ya karɓa ya karanta.

Wato shekara uku yana sane. Kullum da safe yana amsa gaisuwar mutumin, yana kallonsa yana shiga cikin ƙurar.

Saratu ta kai wa sabon likitan, wanda ya rubuta rahoton ƙarya. Ya mayar da ambulan ɗin ya ce, "Sista, ke da yaranki kuke ci da wannan aikin. Ki mayar inda kika gani."

Ba ta mayar ba. Ta hau adaidaita sahu ta nemi gidan Inuwa, domin takardar lafiyar mutum haƙƙinsa ce. Daga baya ta tsaya a kotu ta ba da shaida, duk da an kore ta daga aiki kafin ranar.

Barista Hafsah ta roƙi kotu ta karɓi sabuwar hujja, aka karɓa. Kwana biyu da haka, bayan la'asar, sai ga motar Alhaji a ƙofar gidan Inuwa da buhunan shinkafa.

"Malam Inuwa, ni da kai ai mun zama 'yan uwa," in ji shi. "Mu kashe maganar nan a gida. Asirin musulmi ake rufawa."

Inuwa ya daɗe yana tari kafin ya iya magana. "Alhaji, sauran mutum huɗun da ke cikin takardar, ka faɗa musu?"

Inuwa bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Ɗaya daga cikinsu, Ɗan'azumi, mun binne shi bara, ka zo jana'iza har ka yi addu'a. Ukun suna bakin injinka yanzu haka. Ɗauki shinkafarka."

Kotu ta ba Inuwa gaskiya. Aka umarci a biya shi diyya da kuɗin magani, hukuma ta rufe masana'antar, likitan kuma aka kai ƙararsa gaban masu ba da lasisi. Ma'aikatan nan uku aka gwada su. Biyu an tari ciwonsu da wuri.

Inuwa bai warke ba. Yanzu a zaune yake sallah. Alhaji kuwa har yau yana gaya wa mutane hassada ce aka yi masa.

Darasi: Wanda ya ɓoye gaskiyar ciwon ma'aikacinsa don riba, ya sani rai yake ci, kuma abin da aka binne a kwali Allah ba Ya mantawa da shi. Idan kana aiki, ka nemi sakamakon gwajinka ka riƙe a hannunka. Ku tura wa wani ma'aikaci da wani mai gida, wataƙila numfashin wani ya tsira.