Abin da Ya Sa Bushiya Ke Ɓoye Fuska

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Bushiya ce da ɗanta tilo. Ko ludayi ba ta barinsa ya ɗauka, har hannu ita ke wanke masa.

Maƙwabciyarta Kurciya ta ce, "Ki bar yaron nan ya riƙa kawo ruwa mana."

Ta ce, "Ɗana ba bawa ba ne."

Ran nan aka yi suna a gidan Kunkuru. Da aka kawo tuwo, tsoho Kunkuru ya miƙa wa yaron buta, ya ce, "Jikana, zuba wa manya su wanke hannu."

Yaro ya miƙa hannuwansa biyu, ya ce, "Kaka, kai za ka wanke mini. Haka Inna take yi."

Kunkuru ya durƙusa da ƙyar, ya wanke wa yaron hannu tas, sannan ya ɗago ya dubi uwar.

Kunya ta rufe Bushiya, ta dunƙule ta cusa fuska cikin jikinta. Har yau, da ta ji motsin mutane, haka take yi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. To, ku tashi ku kwashe kwanukan nan!