Mabuɗin Makarantar Tudun Ƙirya

Ku gyara zama. Na yau ba na dariya ba ne, wanda ya zo neman nishaɗi ya kama gabansa tun da wuri.

A ƙauyen Tudun Ƙirya an yi wani malamin firamare, Malam Tanimu. Shi ne hedimasta, shi ne mai koyarwa, shi ne mai kaɗa ƙararrawa, ƙararrawar ma tsohuwar garma ce aka rataye a reshe. Aji ɗaya gare su, na laka, a cikin kwari, wata damina ya rushe. Allah Ya tsare, ran Asabar ce. Tun daga nan yara ke karatu a gindin bishiya, hadari na haɗowa a watse.

Malam ya yi ta zarya birni har takalminsa ya cinye, kafin wata ƙungiyar taimako ta dube shi. Suka ce siminti da kwano da benci nasu ne, amma fili da ruwa da magini na gari ne. To, ga inda gizo ke saƙar. Motar kayan da aka ce za ta zo da rani ba ta iso ba sai da aka yi ruwan shuka. Kun san halin gayya: da rani kowa naka ne, da damina kowa ta gonarsa yake yi. Siminti kuwa ba ya jira, danshi na taɓa shi ya zama dutse. Malam ya ajiye girmansa ya bi gida-gida yana roƙo, mutum uku kacal suka amsa.

Baba Jatau ne mai gonar da ke kan tudu, ita kaɗai gare shi. Ya ce, “Malam, in dai jikokina za su zauna a ƙarƙashin rufi, ɗauki gonar.” Ya ari wata a fadama ya shuka, ambaliya ta share ta tas.

Kubura, wadda mijinta ya rasu, da jaki ɗaya take ɗebo ruwa ta sayar ta ci da marayunta. Ta bar sana'a ta koma yi wa masu bulo jigila daga rafi, safe da yamma, har jakin ya kwanta bai tashi ba. Sauran ruwan a kanta ta ƙarasa ɗebo shi.

Talle magini ya bar gonarsa ciyawa ta cinye, ya tsaya kan aikin ba ko sisi. Ranar da zai buga kwanon ƙarshe aka yi yayyafi, katako ya yi santsi, ya faɗo, ƙugunsa ya karye. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙugun bai koma daidai ba. Talle da hawa gini sai dai a mafarki.

Aka gama aji biyu, aka shafa shuɗin fenti, baƙi suka zo suka ɗauki hoto. Da kaka ta yi, rumbunan mutanen nan uku wayam. Jatau ya rarraba jikokinsa ga dangi a wasu garuruwan. 'Yar Kubura ta ɗauki tulu tana taya uwarta, 'ya'yan Talle suka shiga ƙwadago. Kullum in Malam ya kira suna, yaran kowa suna kan benci, ban da nasu. Wallahi ya gwammace gindin bishiyar nan, don baƙin ciki har abinci ya daina shigarsa.

Ana nan shugabar ƙungiyar ta zo da mabuɗin makarantar, ta damƙa wa Malam. Ta ce, “Malam, muna da gurbin mai kula da makaranta, mutum ɗaya, buhun hatsi duk wata. Kai ka san mutanenka, ka zaɓo mana.”

Ya ce, “Hajiya, ba a raba shi uku?”

Ta ce dokarsu ba ta yarda ba. Shi ma ya san ko ta yarda, buhu ɗaya a gida uku yunwa ce uku.

Labari ya zaga gari. Cikin mutanen nan uku ba wanda ya zo roƙo, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Sai dai in sun haɗu a hanya su gaishe shi, su sunkuyar da kai. Ba fili ba gini, ba ruwa ba bulo, ba magini ba rufi, kuma dukansu bakinsa ne ya jawo su.

To, ku da kuka iya gardama, ga Malam Tanimu tsaye da mabuɗi a hannu. Wa zai miƙa wa, kuma da wane ido zai kalli sauran biyun?