Motar da Aka Sa wa Suna Makara

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can, zamanin da mota ba ta yawaita ba. Malam Haladu sunansa, tela ne. Allah ya hore masa 'yar ƙaramar mota mai dogon baya, irin wadda ake ce wa siteshan, in an kwantar da kujerun baya mutum zai miƙe sambal a ciki.

To, ku saurara. Direbobin garin nan ba sa ɗaukar gawa, wai fasinja zai guje su. Malam Haladu ya ce shi zai ɗauka, ko kuɗin mai ba ya karɓa. Ya ɗauka, ya ɗauka, har aka sa wa motar suna Makara. In ya tsaya zai rage wa mutum hanya, sai a ce, "A'a Malam, ban shirya ba tukuna." Har ɗinki aka daina kawo masa.

Matarsa Asabe ta ce, "Malam, ko biki na je, mata matsawa suke yi. Don Allah ka rabu da motar nan."

Abin ya ishe shi. Ya kama hanyar birni zai sayar da ita.

Rana ta take, hanya ba kowa, ko tsuntsu ba ya kuka. Sai ga wata tsohuwa a gindin tsamiya, gabanta wani abu naɗe cikin tabarma. Zuciyarsa ta ce wuce, ai ka daina. Ƙafarsa kuwa ta taka birki.

"Iya, lafiya?"

"Ɗana ne ya cika. Kowa ya gan mu sai ya ƙara wuta."

Ya kinkimi gawar shi kaɗai ya sa a baya. Tsohuwa ta zauna kusa da ita, tana nuna masa wata 'yar hanya da ta ratsa daji. Ya duba madubi, ga gawa, ba tsohuwa. Ya waiwaya, ga ta zaune tana jan carbi. Jama'a, in ku ne fa? Gumi ya karyo masa, bakinsa na salati, amma bai tsaya ba.

Suka iso wani tsohon kufai. Ga mutane cikin fararen kaya sun yi sahu, ga kabari a haƙe. Ba mai tari, ba mai magana. Ya shiga sahu aka yi salla, aka rufe. Ya shafa addu'a, ya sauke hannu daga fuska, sai ya gan shi shi kaɗai. Ya dubi ƙasa: sawun taya, sawun ƙafarsa, shi ke nan. Ga kuma sabon kabari, ƙasarsa ɗanya.

Bai je birni ba. Da ya ba Asabe labari, sai ta ɗebo ruwa ta wanke bayan motar da hannunta. Ya ci gaba da ɗaukar gawa har ƙarfinsa ya ƙare.

Su wane ne mutanen nan? Allah ne masani, ni ban sani ba. Abin da na sani, alheri ba a barinsa don surutun mutane. Kai mai mota, kai mai babur, sau nawa ka ga mai larura a bakin hanya ka kau da kai? Ka tuna ranar da za ka kwanta cikin tabarma, ba ka iya kai kanka ko'ina, kana jiran wanda zai tsaya.