Bayan Allon Gidan Shekarau

An ce wani sarki ne ya kafa jarrabawa sau ɗaya a shekara, wadda da ita ake zaɓen magatakarda da alƙalan ƙasarsa. Niyyarsa kyakkyawa ce, so yake ɗan manomi da ɗan basarake su zauna tabarma ɗaya. Ba a daɗe ba sai gidajen horo suka cika birni, inda ake tsare yara tun asuba har la'asar sakaliya ana ɗura musu tambayoyin shekarun baya. Da cunkoso ya yi yawa, sarki ya hukunta cewa ba mai zama jarrabawa sai da hatimin ɗaya daga cikin gidajen.

Kowane gida yana da allo a ƙofa mai ɗauke da sunayen ɗalibansa da suka ci. Na wani Shekarau ya yi fice, don shekara bakwai ba a ji ɗalibinsa ya faɗi ba. Sarki ya yi nufin yi masa alkyabba, ya sa a kawo allon ya gani. Dogarai ba su iya karatu ba, sai suka jingine shi baya na gaba. Sarki ya ga sunaye ƙanana rututu, sun ninka na gaban sau uku. Shekarau ya rantse bai san da su ba, kuma gaskiya ya faɗa, don bai taɓa leƙa bayan allonsa ba.

Aka kira masassaƙin da ke ƙara sunaye kowace shekara, wani tsoho mai suna Jatau. Ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki ya tambaye shi wa ya sa shi wannan aiki.

Jatau ya ce, "Ya sarki, gaban allo na Shekarau ne, shi ya sa ni. Bayan kuwa naka ne."

"Ta yaya ya zama nawa?"

"Su ma talakawanka ne, ranka ya daɗe."

Ya bayyana cewa idan saura kwana arba'in a yi jarrabawa, Shekarau yakan sallami duk wanda yake shakkar cinsa, ya hana shi hatimi. Ta gaban rumfar Jatau suke wucewa da tabarminsu, shi kuma ya tambayi sunayensu ya sassaƙa su a bayan allon, don takaici ba ya barinsa ya yi shiru. Ya nuna sunan ƙarshe, wanda sassaƙarsa take ɗanya har yanzu. Ya ce Ilu ke nan, shekara biyu yana gidan. Yau kwanansa tara a rumfar, ba ya cin abin kirki, ya kasa komawa ƙauye don uwarsa ta gaya wa kowa ɗanta zai zama magatakarda.

Ran sarki ya ɓaci, ya ce a kama Shekarau. Jatau ya nemi izinin tambaya ɗaya.

"Ya sarki, gari ne mai rijiya ɗaya, aka ba mutum ɗaya guga, ya riƙa zaɓen wanda zai sha. Wa za a fara tambaya?"

Sarki ya ce, "Wanda ya ba shi gugan."

Yana rufe baki ya tuna wanda ya kafa dokar hatimi. Ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi a gaban fadawansa, har waziri ya shiga gyaran rawanin da bai kwance ba.

A ranar sarki ya soke hatimi. Ya ce gidan da ya karɓi yaro ba zai kore shi ba, a riƙa tashin yara da azahar, kuma kowane allo ya nuna adadin waɗanda aka karɓa.

Ilu ya zauna jarrabawa. Sunansa ya fito can ƙasa a jerin waɗanda suka ci, na biyun ƙarshe, ya kama hanyar ƙauye bai ko tsaya ɗaukar tabarmarsa ba. Washegari Shekarau ya zo rumfa yana roƙon a sa sunan a sabon allonsa, wai ai ɗalibinsa ne. Jatau ya ce gizagonsa ya dakushe.

Tsohon allon kuwa sarki ya bar shi a zauren fada yadda dogarai suka jingine shi. Duk baƙon da ya ce an juya shi, sai sarki ya amsa masa, "Bar shi haka. Sarkin da bai san adadin waɗanda aka kora ba, bai fara adalci ba."