Gwauruwa da Motar da Take Rawa a Babban Titi

Akwai wata mace wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku, da lambu a bakin fadama, da tsohuwar a-kori-kura. Ana ce mata Maman Damaris. Tun mijin yana da rai ya koya mata tuƙi. Da kwanakin makoki suka wuce, sai ta ɗauki makulli ta ci gaba da kai tumatir da kabeji kasuwar birni kowace Laraba. Da wannan mota take ciyar da gidanta.

Bayan wata biyu, motar ta fara wani hali. A cikin gari lafiya lau take tafiya, a hanyar lambu ma haka. Amma da zarar ta hau babban titi, allurar maleji ta kai casa'in, sai sitiyari ya kama rawa a hannunta har kafaɗunta su yi tsami. In ta rage gudu, sai rawar ta ɗauke kamar ba a yi ba.

Labarin ya kai kunnen wan mijinta. Ya zo ya zauna a tsakar gida, ya tuna mata cewa shekara goma sha ɗaya ƙanensa ya yi yana jan motar nan, ko sau ɗaya ba ta yi rawa ba.

Ya ce, "Matarmu, ki yi tunani. Mai motar ne bai yarda ba. Ki kawo makullin kafin ya ɗauke ki a kan titi, ki bar mana marayu."

Dangi da yawa suka bi bayansa. Aka sa ranar Lahadi bayan sujada, a taru a gidansa ta miƙa makulli.

Matar ta ji tsoro, gama ita ma ta san rawar ba ta fara ba sai bayan rasuwar. Duk da haka ta ce masa, "Yaya, mijina yana hutawa a wurin Ubangiji. Ba a cikin sitiyari yake zaune ba. Zan nemi dalili."

Bakaniken da ta fara zuwa wurinsa ya saurari inji a tsaye, ya ce sai an sauke shi. Wani direba a tasha ya ce ta ƙara wuta ta wuce ɗari da ashirin, rawar za ta bari da kanta. Wata maƙwabciya ta ce ta riƙa tafiya a hankali kawai, ta rufa wa kanta asiri. Ba ta karɓi ko ɗaya ba. Ta fita titi ba kaya, ta kai casa'in, ta ɗage ƙafa daga totur har kukan inji ya kwanta. Rawar tana nan. Ta taka birki, ba ta ƙaru ba. Sai ta riƙe wannan a zuciyarta.

A bakin titin akwai wani tsoho mai faci, abokin marigayin. Ta gaya masa abin da ta gani. Tsohon bai taɓa motar ba tukuna. Ya tambaye ta inda take jin rawar, a hannu ko a kujera. Ta ce a hannu. Ya ce in haka ne daga ƙafafun gaba take, amma ba zai rantse ba sai sun gwada. Ya sa jak, ya mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, ya ce ta je ta dawo. Da ta dawo ta ce sitiyari ya yi shiru, yanzu kujera ce take rawa.

Tsohon ya yi dariya ya ce, "To, in fatalwa ce, ta iya bin taya."

Ya kwance ƙafar baya ta dama, ya kwantar da ita, ya juyo cikin wili sama. Ga laka ta bushe ta daskare a gefe guda, kamar an yaɓa ta da hannu. Ya sa ƙarfe ya ɓamɓaro ta, dunƙule ɗaya ya fi tafin hannu. Ya ce nauyin da ya taru a gefe ɗaya ba ya nuna kansa in taya tana juyawa a hankali, sai ta yi gudu.

Matar ta ce ai kullum da safe tana wanke motar.

Ya ce, "Kina wanke inda ido yake gani, 'yata. Mijinki duk Asabar yakan tsaya a mashigin rafi, ya durƙusa da ɗan itace yana ƙwaƙule cikin ƙafafun nan huɗu. Na sha yi masa tsiya a kai. Bai gaya miki ba?"

Bai taɓa gaya mata ba. Ta sunkuya ta ɗauki dunƙulen. Sa'an nan ta ƙulle lakar a bakin zanenta.

Ranar Lahadi dangi suka taru. Wan mijin ya miƙo hannu don karɓar makulli. Sai ta kwance bakin zane ta ɗora masa dunƙulen laka a tafin hannu.

Ta ce, "Yaya, ga abin da yake fushi da ni. Daga fadamarmu ya fito. Makulli kuwa yana wurina, kuma Laraba zan tafi kasuwa. Wanda yake so ya ji ko tana rawa, akwai wuri a gaba."

Ba wanda ya ce zai bi ta. Ba kuma wanda ya sake tambayar makullin.

Ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa. Motar ita ce rayuwar mai bi. Cikin gari su ne kwanakin sauƙi, lokacin da ko ƙaramar bangaskiya takan ishe mu. Babban titi kuwa shi ne ranar gwaji, rashi ko ciwo ko rashin aiki, ranar da abin da ya taru a ɓoye yakan girgiza mu. Lakar ita ce abin da muke kwasowa a hanyarmu ta kullum ba mu sani ba: ɗacin rai, da gunaguni, da addu'ar da muka daina yi.

Sa'ad da rayuwarku ta fara rawa, za a zo muku da fassara. Ku lura da mai fassarar da yakan fara da tsoro ya ƙare da miƙo hannu. Kada ku ba shi komai. Allah bai kira mu mu yi rawar jiki a gaban matattu ba, ko a gaban masu magana da sunansu. Ya ba mu hankali, ya ba mu 'yan'uwa masu gaskiya waɗanda za su tambaye mu, "A ina kike jin ciwon?" kafin su yanke hukunci.

Akwai kuma wani abu. Da yawa cikinmu mun yi shekaru muna tafiya lafiya domin wani yana durƙusawa saboda mu a inda ba mu gani, uwa ko miji ko wata tsohuwa a bencin baya na coci. Wata rana ba za su kasance ba. Wannan ba la'ana ba ce. Aikin ne ya zo hannunmu, kuma da gwiwa a ƙasa ake yin sa.