Carki Mai Neman Mulki da Gyambon Iya Jaka

An yi wani tafki a gindin dutse, wanda dabbobi ke sha rani da damina. Da shugabansu ya tsufa ya sauka, sai Carki ya fito neman mulki. Ɗan tsuntsu ne mai jan baki da zaƙin magana, aikinsa hawa bayan dabbobi yana cire musu kaska. Akwai kuma Iya Jaka, tsohuwa mai haƙuri, wadda ta daɗe da gyambo a gadon baya, kullum tana liƙe shi da laka saboda ƙuda.

Al'adarsu ita ce, mai neman mulki sai ya hau suri ya faɗi aikin da ya fara yi a duniya. Wanda ya ƙaryata shi bai kawo shaida ba, an hana shi ruwan tafkin sai damina ta sauka. Ga shi kuwa rani ya kai intaha.

Ranar taro wuri ya cika maƙil. Baba Bauna, dattijon da ke kula da tsari, ya ba Carki izini. Ya haye suri, ya karkaɗe fuka-fukai.

"'Yan'uwana! Tun ina tsako nake muku hidima. Wa ya raba ku da kaska?"

"Kai ne!"

"Na taɓa karɓar lada?"

"Ko kusa! Sai Carki! Sai Carki!"

Iya Jaka kuwa ta san halin Carki. A bayanta fa ya koyi aiki. Wata 'yar ƙaya ce ta karce ta, ya ce, "Bari in duba miki, Iya." Tun daga nan, duk sanda ciwon ya fara bushewa sai ya zo ya tone shi ya sha jini. Idan ya hau mulki, bayan wa zai tsira? Ta dubi ruwan tafkin, ta yi bisimilla, ta ɗaga murya.

"Ƙarya yake yi! Ba kaska ke kai shi bayanmu ba, jini ne!"

Carki ya ƙyalƙyale da dariya.

"Haba Iya! Tsufa ne ko zafin rana? Kunnuwa kamar faifai, amma ba kya jin abin da jama'a ke faɗi?"

Aka kwashe da dariya. Baba Bauna ya ce, "Iya, kin san doka. Ina shaidarki? Kin ga ba wani ruwa a dajin nan sai wannan."

"Ba ni da kowa sai Allah, Baba. Amma ga wata kaska ta ƙoshi a kunnena. Tunda aikinsa ne, ya zo ya cire ta a gaban kowa."

"Wannan kawai?" in ji Carki. "Ku buɗe ido ku ga aiki!"

Kafin ya taso, Iya Jaka ta zube ƙasa ta yi birgima, sannan ta miƙe. Laka ta kakkaɓe, gyambo ya buɗe jawur.

Carki ya nufo kunne. Ƙanshin jini ya buge shi. Ya yi shawagi, ya dubi kaska, ya dubi gyambo. Sai ga shi tsulum a gadon baya, ya cusa kai yana ta zuƙa!

"Kai! Ku duba! Ku duba!" in ji Barewa tana tsalle. "Ashe shi ya sa ciwon wuyana ya ƙi warkewa!"

Wuri ya kaure. Kowa ya shiga leƙen jikinsa. Baba Bauna kansa ya waiwaya ya dubi tsohon mikin kafaɗarsa, ya yi huci.

Carki ya ɗago, jini na ɗiga daga bakinsa. "Ku tsaya mana! Magani nake sa mata!"

"To kaskar fa?" in ji Iya Jaka, ta karkaɗa kunne. "Ga ta nan tana gaishe ka."

Baba Bauna ya fyaɗa wa Carki wutsiya, ya wuntsila cikin taɓo. Ko dabba ɗaya ba ta tsaya a bayansa ba. Aka buɗe wa Iya Jaka hanya, ta sha ruwa ta ƙoshi, ta yi hamdala. Kafin damina ta sauka, gyambonta ya warke sumul.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, yara, idan mutum ya zo neman ku ba shi ragamarku, kada daɗin bakinsa ya ishe ku. Ku je ku tambayi waɗanda ya fara yi wa aiki yadda ya bar su. Kuma wanda ya san gaskiya ya daure ya faɗe ta, ko da shi kaɗai ne, Allah yana tare da shi.